Dabarar PWM: Yadda 'yar ƙwaƙwalwar na'ura ke sarrafa wutar sola a kasuwannin Kano

Tsadar man fetur da ƙarancin wutar lantarki sun sa 'yan kasuwa da dama a birnin Kano sun koma ga amfani da hasken rana, kuma a tsakiyar kusan kowace na'urar sola akwai wata dabara guda da ake kira PWM, wadda ita ce ke tantance ko batir zai daɗe ko zai mutu da wuri.

A Kasuwar Singa da ke ƙaramar hukumar Fagge, inda ake sarin sukari da shinkafa da taliya da man girki zuwa jihohin arewa da ƙasashen Nijar da Chadi da Kamaru, mai shago na buƙatar wuta domin fitila da fanka da cajin waya da na'urar cirar kuɗi ta POS.

Kayan da yake haɗa wannan wuta da su kuwa, galibi daga maƙwabciyarta Kasuwar Sabon Gari da shagunan titin France Road ake sayo su. A jikin akwatunan ana ganin haruffan PWM ko MPPT, kuma bambancin farashinsu kan yi yawa, amma ba kowane mai saye ba ne ya san abin da yake biya wa kuɗi.

Abin da ya kai ga haka

A ranar 29 ga watan Mayun 2023 ne Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 kafin lokacin ta haura naira 1,000 a ƙarshen shekarar 2024, abin da ya sa ƙaramin janareta ya zama kaya mai nauyi ga mai ƙaramin shago.

A watan Afrilun 2024 kuma hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane kilowat na awa guda. Sannan a watan Oktoban wannan shekara akasarin jihohin arewa, ciki har da Kano, suka shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan dakon wuta.

Tun kafin haka, a shekarar 2018, hukumar samar da wuta a karkara, REA, ta sa Kasuwar Sabon Gari cikin kasuwannin farko da aka soma bai wa shagunansu wutar sola. Sai dai a sauran kasuwanni, yawanci kowa da kansa yake sayen faranti da batir, ya kira mai haɗawa ya ɗora masa a kan rufi.

Mece ce PWM?

Haruffan uku taƙaitawa ce ta wani suna na Turanci da ke nufin sauya faɗin bugun wuta. Ma'anar dai ita ce, ba a rage ƙarfin wutar da ke shiga na'ura, kunna ta ake yi ana kashewa da sauri matuƙa, sau ɗaruruwa ko dubbai a cikin daƙiƙa guda, sannan a riƙa sauya tsawon lokacin da take a kunne.

Ana iya kwatanta abin da famfon da ba shi da tsaka-tsaki, wato ko dai a buɗe shi gaba ɗaya ko a rufe shi ruf. Mai son rabin ruwa sai ya buɗe na daƙiƙa ɗaya ya rufe na daƙiƙa ɗaya. Mai son rubu'i kuma ya buɗe na daƙiƙa ɗaya ya rufe na daƙiƙa uku. A ƙarshe abin da ya taru a bokiti ya danganta ne ga kason lokacin da famfon ya kasance a buɗe.

Wannan kaso shi ne jigon lamarin, kuma za a iya kiransa kason kunnawa. Idan batir mai bolt 12 ne, aka kunna shi kashi 50 cikin 100 na lokaci, abin da injin fanka zai ji a matsakaici bolt 6 ne. Idan kashi 25 ne, bolt 3 ke nan. Idan kashi 75 ne, bolt 9.

Da yake kunnawar da kashewar na faruwa da saurin gaske, farfelar fanka ba ta samun sukunin tsayawa tsakanin bugu da bugu, haka kuma idon ɗan Adam ba ya ganin ƙiftawar fitila. Abin da kawai ake gani shi ne fanka ta rage gudu, ko fitila ta dusashe.

Me ya sa aka fifita wannan hanya?

Tsohuwar hanyar rage wuta ita ce a sa mata wani abin da zai tare ta a hanya, wanda masu gyara ke kira rizista. Matsalarsa ita ce wutar da ya tare ba ajiye ta yake yi ba, zafi take zama. Idan aka rage bolt 12 zuwa 6 ta wannan hanya, gwargwadon wutar da fanka ta sha, gwargwadon wadda ta ƙone a banza. Wannan ne ya sa tsofaffin makunnan fankar sama da ke jikin bango suke ɗaukar zafi.

A tsarin PWM kuwa, makunnin ko dai a buɗe yake sarai, wuta na wucewa ba tare da cikas ba, ko kuma a rufe yake, babu abin da ke wucewa. A dukkan halayen biyu asarar kaɗan ce. Ga wanda ke kan layin kamfanin rarraba wuta na KEDCO bambancin ba lalle ya dame shi ba, amma ga mai batir guda ɗaya da yake son ya kai shi har bayan Isha'i, kowane wat yana da daraja.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1972 kamfanin Signetics na Amurka ya fitar da wata 'yar na'ura mai lamba 555, wadda injiniya Hans Camenzind ya tsara, kuma har yau ana amfani da ita wajen samar da irin wannan bugu. A 1976 kuma kamfanin Silicon General ya fito da SG1524, wadda Bob Mammano ya tsara musamman domin PWM. 'Yar uwarta mai lamba SG3524 ta daɗe tana cikin inbatocin da masu sana'ar hannu ke haɗawa.

Abin da ya sauya shi ne shigowar 'yar ƙwaƙwalwar na'ura, wato cikakkiyar kwamfuta da aka dunƙule a cikin ɗan baƙin gutsure da bai wuce farce ba. Kamfanin Texas Instruments ya soma sayar da irinta, TMS1000, a shekarar 1974. Da ita, ba sai an sauya wani abu da hannu ba, umarnin da aka rubuta mata ne ke sauya kason kunnawa a duk lokacin da buƙata ta taso.

Yadda ƙwaƙwalwar ke samar da bugun

Misali mafi sauƙi shi ne allon Arduino Uno, wanda ɗaliban injiniya ke yawan amfani da shi wajen ayyukansu na kammala karatu a makarantu irin su Jami'ar Bayero da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano. An soma shirin Arduino ne a shekarar 2005 a garin Ivrea na ƙasar Italiya, kuma allon Uno na ɗauke da ƙwaƙwalwa mai suna ATmega328P, wadda agogonta ke bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa.

A cikin ƙwaƙwalwar akwai wani sashe da aikinsa ƙidaya kawai. Yana farawa daga 0 ya tafi har 255, sannan ya koma 0 ya sake farawa, ba dare ba rana. A gefensa akwai wata 'yar ma'ajiya da mai rubuta umarni ke sa lambar da yake so.

Duk lokacin da ƙidaya ta koma 0, sai ƙafar ƙwaƙwalwar ta kunnu, ta ba da bolt 5. Da zarar ƙidayar ta kai lambar da ke cikin ma'ajiyar, sai ƙafar ta mutu, ta zauna a haka har zagaye ya ƙare. Idan lambar 64 ce, ƙafar za ta kasance a kunne kimanin rubu'in lokaci. Idan 128 ce, rabi. Idan 191 ce, kashi 75 cikin 100.

Ke nan sauya kason kunnawa bai wuce sauya wannan lamba guda ɗaya ba. A Arduino umarni ɗaya mai suna analogWrite ne ke yin haka, kuma yana aiki a ƙafafu shida: 3, 5, 6, 9, 10 da 11. Wani alfanun shi ne sashen ƙidayar yana aikinsa shi kaɗai, don haka sauran ƙwaƙwalwar na da damar auna batir ko rubuta lambobi a fuskar na'ura ba tare da bugun ya rikice ba.

Ana iya yin haka ba tare da sashen ƙidayar ba, ta hanyar umartar ƙwaƙwalwa ta kunna ƙafa, ta jira, ta kashe, ta sake jira. Sai dai duk wani aikin da ya shigo tsakani zai gurɓata lissafin lokacin, shi ya sa masu ƙera kayan sayarwa suka fi dogara ga sashen ƙidaya.

Lambar kanta daga ina take zuwa? A fanka mai caji, daga maɓallin da mutum ke dannawa ne ko madaurin da yake murɗawa. Ƙwaƙwalwar na karanta matsayin madaurin a matsayin lamba tsakanin 0 da 1023, ta raba da 4 domin ta dace da ma'aunin 0 zuwa 255, sannan ta zuba ta a ma'ajiyar.

Saurin bugu

Bayan kason kunnawa, abu na biyu da ake zaɓa shi ne yawan zagaye a daƙiƙa. Bugu miliyan 16 ya yi wa akasarin ayyuka sauri, saboda haka ana raba shi tukuna. A Uno ana raba shi da 64, abin da ya rage 250,000. Idan aka sake raba wannan da matakai 256 na ƙidaya, za a samu zagaye kusan 977 a daƙiƙa, kuma haka ƙafafu na 5 da 6 ke aiki. Sauran huɗun, da ƙidayarsu ke hawa ta sauko, suna yin kimanin 490.

Zaɓin na da tasiri. Idan saurin ya yi ƙasa, fitila za ta riƙa ƙiftawa, kuma ko ido bai gani ba, kyamarar waya kan nuna layuka-layuka. Injin fanka kuma kan yi wani siririn kuka, domin kunnen mutum na jin sauti har zuwa kusan zagaye 20,000 a daƙiƙa. Wannan ne dalilin da ya sa aka tsara fankokin cikin kwamfuta su yi aiki a zagaye 25,000.

Idan kuma saurin ya yi yawa, makunnin zai ɗauki zafi, saboda a duk kunnawa da kashewa akwai 'yar asara, kuma takan taru. Aikin injiniya shi ne ya nemo tsaka-tsaki.

Akwai kuma wani abin lura. Ƙafar ƙwaƙwalwa ba ta iya ɗaukar kaya mai nauyi, abin da aka shawarta a ATmega328P bai wuce kashi 20 cikin 1,000 na amfiya guda ba. Don haka ba ita ke juya fanka ba, umarni kawai take bai wa wani tiransisto mai ƙarfi da ake kira MOSFET, shi kuma ya buɗe ko ya rufe hanyar babbar wuta. Wannan tiransisto shi ne abin da ya fi yawan ƙonewa a inbata da na'urar daidaita caji.

Tsakanin faranti da batir

Inda dabarar ta fi shafar aljihun ɗan kasuwa shi ne na'urar daidaita caji, wadda masu haɗa sola ke kira kwantirola. Tana zama ne tsakanin farantin da ke kan rufi da batir.

Batir mai ruwa na bolt 12 yana buƙatar a cika shi har zuwa kimanin bolt 14.4, a riƙe shi a nan na wani lokaci, sannan a sauko da shi zuwa wajen 13.6 ko 13.8. Da safe, lokacin da batir yake da yunwa, kwantirola na barin wutar faranti ta wuce gaba ɗaya, wato kason kunnawa kashi 100.

Idan ya kusa cika, ƙwaƙwalwar na auna shi a kai a kai. In ya haura abin da aka tsara, ta rage lambar da ke ma'ajiyar, bugun ya tsuke. In ya sauka, ta ƙara. Haka za ta yi ta yi har faɗuwar rana.

Batirin da aka haɗa kai tsaye da faranti ba tare da wannan kulawa ba, ruwansa zai riƙa tafasa yana ƙafewa, yana fitar da iskar haidirojin mai saurin kama wuta. A ɗakin ajiya da ke cike da kwalaye da jarkokin mai, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, musamman a birnin da bai manta da gobarar watan Maris na 2016 ba, wadda ta laƙume dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari. Ita ma Kasuwar Singa ta sha fama da gobara a shekaru daban-daban.

PWM ko MPPT?

Raunin kwantirolar PWM shi ne takan jawo ƙarfin faranti ya sauko daidai da na batir. Faranti mai wat 100 da aka yi domin batir na bolt 12 yana ba da mafi kyawun aikinsa ne a wajen bolt 18 da amfiya 5.5. Idan batir na kan bolt 13, abin da zai shiga shi ne 13 sau 5.5, wato kimanin wat 72. Sauran ya tafi.

Kwantirolar MPPT kuwa tana barin faranti ya yi aiki a inda ya fi ƙarfi, sannan ta juya rarar bolt ɗin zuwa ƙarin amfiya. Ita ma a cikinta PWM ce ke aiki, sai dai da sauri mai yawa, tare da naɗaɗɗiyar wayar tagulla da ke riƙe wuta tsakanin bugu da bugu. Ƙwaƙwalwarta na ɗan sauya kason kunnawa, ta duba ko wutar ta ƙaru, in ta ƙaru ta ci gaba, in ta ragu ta juya.

A yanayi irin na Kano akwai abin da ke rage tazarar. Zafi na rage bolt ɗin faranti, saboda haka a watannin Maris da Afrilu, lokacin da rufin kwano ke ƙuna, rarar da MPPT za ta ceto ba ta kai ta ƙasashe masu sanyi ba. Ga mai faranti ɗaya ko biyu ƙanana da suka dace da batirinsa, PWM mai inganci na iya wadatarwa.

Babbar asara na faruwa ne idan aka haɗa babban faranti da ƙaramin batir ta hanyar PWM. Faranti mai wat 250 da ke aiki a wajen bolt 30 yana ba da amfiya 8 da 'yan kai. A kan batir mai bolt 13, abin da zai shiga bai wuce wat 110 ba, wato ƙasa da rabin abin da aka biya kuɗinsa. Mai shago zai ɗauka farantin ne jabu ko batirin ne ya mutu, alhali haɗin ne bai dace ba.

Haka kuma akwai kwantiroli masu arha da aka rubuta MPPT a jikinsu amma PWM ne a ciki. Ta gaskiya takan fi nauyi saboda naɗin tagullar da ke cikinta, kuma idan aka auna da rana, amfiyar da ke fita zuwa batir kan ɗara wadda ke shigowa daga faranti. In daidai suke a koyaushe, to akwai alamar tambaya.

Batiran litiyom da suka soma yawaita kuma suna da nasu ma'aunin caji daban, don haka wajibi ne a tabbatar kwantirola na da tsarinsu kafin a haɗa.

A cikin inbata

Wutar batir hanya ɗaya take bi, ita kuwa wutar gida a Najeriya, mai bolt 230, tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, tana hawa da sauka a hankali tamkar igiyar ruwa. Aikin inbata shi ne ta kwaikwayi wannan siffa.

Inbata mai kyau na yin haka ne da PWM. Idan tana bugu 20,000 a daƙiƙa, kowane zagaye na wutar gida zai ƙunshi bugu 400. Ƙwaƙwalwar na da jerin lambobi a ajiye, tana ɗaukar ɗaya bayan ɗaya: bugun farko siriri, na gaba ya ɗan fi shi faɗi, har a kai ƙololuwa, sannan a riƙa tsukewa, a juya akalar wutar a maimaita. Daga nan sai a tace bugun, ya fito sumul.

Inbata mai arha kuwa tsalle take yi daga mataki zuwa mataki. Fitila da cajar waya ba su cika damuwa ba, amma injin firji da fanka da famfon tura ruwa sukan yi gurnani su ɗauki zafi, kuma kwanansu ya ragu.

Akwai wata ƙa'ida da mai tsara inbata ba ya wasa da ita. Tiransistocin da ke juya akalar wuta bibbiyu suke, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kuma idan suka kunnu a lokaci guda ko da na ɗan ƙiftawa ne, wutar batir za ta ratsa su kai tsaye su fashe. Saboda haka ana umartar ƙwaƙwalwa ta bar ɗan gajeren lokaci, wanda bai wuce 'yan kaso cikin miliyan na daƙiƙa ba, tsakanin kashe wannan da kunna wancan.

Abin da ya rage

Akasarin kwantiroli da inbatocin da ke kasuwannin Kano daga ƙasar Sin ake shigo da su, kuma hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ita ke da alhakin tantance su. Amma ko kaya na da inganci, haɗa shi ba bisa ƙa'ida ba na iya jawo asara.

Ga mai saye, tambayoyin da suka kamata ya yi wa mai haɗawa su ne: bolt nawa farantin ke bayarwa idan aka kwatanta da batir, amfiya nawa kwantirolar ke iya ɗauka, kaurin wayar ya isa ko bai isa ba, an sa fis a kusa da batir, kuma wurin da aka ajiye batirin na samun iska.

Ga matasa masu gyaran kayan lantarki kuwa, allon koyo da 'yan tiransistoci da fitila ɗaya sun isa a fara gwada dabarar a kan teburi. Wanda ya fahimci yadda lamba guda ke sauya faɗin bugu, zai iya gano inda matsala take a kwantirola ko inbata ya gyara ta, maimakon ya ce wa mai kaya ya jefar ya sayi sabo.